Mun Iya Godiya, Ba Mu Iya Tambaya Ba

Duk mai sauraren rediyo a Sakkwato ya san irin wannan sanarwa. Al'ummar gari kaza, ƙarƙashin jagorancin uban ƙasarsu, suna miƙa godiya ta musamman ga mai girma gwamna saboda ya gyara musu asibiti ko ya haƙa musu rijiyar burtsatse, Allah ya ƙara ɗaukaka, Allah ya maimaita. Sau da yawa ma sai an yi karo-karo an biya kafin a karanta ta. An yi haka zamanin Bafarawa, an yi zamanin Wamakko da na Tambuwal, ana kuma yi yanzu zamanin Ahmed Aliyu. Ba ni da rigima da godiya, tarbiyyarmu ce. Abin da ke damuna shi ne ban taɓa jin wata al'umma ta sayi lokaci ta tambayi nawa aka ware wa asibitin, nawa aka kashe, wa aka ba kwangila, kuma me ya sa rufin ya fara yoyo tun damina ta farko ba.

Mun ɗauki aikin gwamnati tamkar kyauta ce da mai mulki ya ciro daga aljihunsa. Haraji kuwa mun ɗauke shi wata ƙaddara da ke faɗa wa mutum ranar kasuwa, ya biya ya yi tsaki ya wuce. Gona in aka karɓe ta, sai mu ce hukuma ce, ba a ja da ita. A zukatanmu waɗannan abubuwa uku ba su da dangantaka da juna. Alhali mutum ɗaya ne ake karɓar kuɗin tikiti a hannunsa a kasuwar Acida, shi ne matarsa ke naƙuda a asibitin da babu ungozoma da dare, shi ne kuma wata rana zai wayi gari ya ga an kafa turaku a gonar da ya gada. Hukumar da ke da alhakin dukansu ɗaya ce, kuma ba ta saba yi masa bayani ba, domin bai saba nema ba.

A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci wanda ya auna lafiya da ilimi da yanayin zama, ba kuɗin aljihu kaɗai ba. Sakkwato ce ta zo kan gaba a duk Najeriya, da mutum sama da 90 cikin 100 a cikin talauci. Bayan haka, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke samu daga Abuja ya ƙaru sosai. Gaskiya ne darajar naira ta faɗi kuma komai ya yi tsada, amma wannan ba ya hana a faɗa mana abin da ya shigo da inda ya tafi.

A fannin lafiya tsarin ma yana nan a rubuce, mu ne ba mu san shi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara sa masa kuɗi. Yadda dokar ta raba shi, rabi na biyan kuɗin jinyar marasa ƙarfi ne ta hanyar inshora, kashi 45 na magani da kayan aiki da gyaran gini da ma'aikata a ƙananan asibitoci, kashi 5 na agajin gaggawa. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti ɗaya mai aiki, wanda kuɗi ke shiga asusunsa kai tsaye duk bayan wata uku. Muna da mazaɓu 244 a ƙananan hukumomi 23. Kowace mazaɓa kuma ana so a ce tana da kwamitin ci gaba na mutanen gari, wanda ke da baki a yadda za a kashe kuɗin. To, mai karatu, ka san 'yan kwamitin mazaɓarku? Ka san ko asibitinku na cikin masu karɓa? In yana ciki, nawa ya shigo a zangon da ya wuce?

Ba wani abu mai wuya nake nema ba. Takarda ce guda a manna a bangon asibiti, da Hausa, da boko da ajami, domin dattijan ƙauyukanmu da yawa ajami suke karantawa. A rubuta: ga abin da ya shigo, ga abin da aka saya, ga magungunan da ba a biya, ga sunayen ma'aikatan da aka turo da ranakun aikinsu. Ranar da aka manna wannan, mace mai zuwa awo za ta san ko kuɗin da aka ce ta kawo na ƙa'ida ne ko na aljihun wani. Mai gida zai san ko maganin zazzaɓin cizon sauron da aka tura shi ya sayo a kemis ɗin da ke kallon ƙofar asibiti, shi ne wanda ya kamata a ba ɗansa kyauta.

Batun ma'aikata ya fi na magani ciwo. Kowa ya san akwai waɗanda sunansu ke ƙauye amma jikinsu na birni, albashi na shiga, ana leƙawa ranar da aka ji masu duba aiki za su zo. Sai dai a yi adalci. Yarinyar da ta gama makarantar ungozoma aka tura ta wani ƙauye a Isa ko Sabon Birni, babu ɗakin kwana, babu ruwa, hanya kuma ba a binta bayan la'asar saboda 'yan bindiga, ba zan zarge ta ba in ta nemi a mayar da ita gida. Laifin na wanda ya tura ta ba tare da tanadi ba ne, da kuma wanda ya karɓi takardar wani babba ya bar ɗiyar mai hanya a birni ya tura ɗiyar talaka daji. Shi ya sa birni ya cika da ma'aikata, Asibitin Ƙwararru da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka cika da marasa lafiyar da tun a mazaɓa ya kamata a sallame su.

Akwai asibitin yara masu cutar noma a cikin Sakkwato, inda ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, ke taimakawa tun 2014. Aikin da ake yi a wurin abin yabo ne, ana gyara fuskokin yaran da cutar ta cinye musu kumatu da leɓe. Amma cutar noma ta yunwa ce da ƙyanda da rashin kulawa, kuma in an gano ta da wuri, tun tana gyambon dasashi, magani mai sauƙi na tsayar da ita. Duk yaron da ya iso wannan asibiti fuska ta ɓaci, wani ƙaramin asibiti ne a wata mazaɓa bai yi aikinsa ba, ko ma babu shi.

Gwamnatoci na son ambaton alƙawarin Abuja na 2001, wanda shugabannin Afirka suka ce za a riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi. Warewa a takarda daban, sakin kuɗin daban. Jihohi yanzu suna wallafa rahoton yadda aka aiwatar da kasafi duk wata uku a intanet, tun lokacin da wani shirin Bankin Duniya ya ɗaura samun tallafi da yin hakan. Rahoton na nan da Turanci, shafi bayan shafi na lambobi. Wa zai karanta shi a Gudu? Gidajen rediyonmu ne ya kamata su ɗauko shi su fassara, su ce ga abin da aka ware wa lafiya, ga abin da ya fita zuwa watan Satumba.

Maganar ƙasa ita ce wadda mutanenmu suka fi jahilta, kuma ita ce ta fi haɗari. Manomi a Kware ko Wurno in ka tambaye shi gonar nan ta wa ce, zai ce tasa ce, gadon kakanni, ga shaidu, ga iyaka kowa ya sani. Doka ba haka ta ce ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa kuma aka cusa ta cikin tsarin mulki yadda gyara ta ke da wuya, ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke da shi izinin zama da amfani ne kawai. Ƙasar birni gwamna ke rabawa. Ta karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izini, kuma tana iya ba mutum ɗaya har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, ba tare da neman yardar gwamna ba. A tsaya a yi tunanin hekta 500 a yankin da gida guda ke rayuwa a kan hekta biyu ko uku. Gwamna kuma shi ke da ikon ayyana wane yanki ne birni, don haka gonar da ta kwana a karkara tana iya wayar gari a cikin birni da sa hannu ɗaya.

In gwamnati ta soke izinin mutum don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce: gini, shuka, itatuwa, rijiya. Ba ta ƙasar kanta ba. Wato in aka zo da rani gona ba komai sai kara, ana iya lissafa wa mutum abin da bai kai kuɗin gero na shekara guda ba, a kan gonar da ta ciyar da gidansu shekara ɗari. Wannan zalunci ne da doka ta halatta, kuma 'yan majalisarmu na tarayya ba na jin suna tayar da shi.

Mun taɓa ganin inda irin wannan ke kaiwa. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara a 1978, lokacin yankin na cikin tsohuwar jihar Sakkwato. Ruwa ya shanye gonaki da garuruwa, aka hana wasu manoman shuka ana daidaita ƙasa don noman rani, diyya kuma ta zo a makare, wasu ba ta zo musu ba. Manoma suka tare hanyoyi. A watan Afrilun 1980 aka tura 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa aka kashe. Shugaban ƙasa a lokacin Shehu Shagari ne, ɗan jihar, gwamna kuma Shehu Kangiwa. Masu cewa in namu ne a sama ba sai mun sa ido ba, su tuna da wannan. Manoman fadama na ƙasa da madatsar ma, waɗanda ambaliyar shekara-shekara ke shayar da shinkafarsu, sun yi asara babu wanda ya lissafa da su.

Yau abin ya sauya kama amma bai tafi ba. Birnin Sakkwato na faɗaɗa ta wajen Wamakko da Kware da Dange-Shuni da Bodinga, gonaki na komawa filaye. Dillali ya ji labarin inda za a yi aiki tun kafin masu gonar su ji, ya saye da araha, ya jira. Burtalin da shanu ke bi tun kafin a haife mu an nome shi ko an yanka shi fuloti, mashaya an kewaye ta, alhali dokar makiyaya ta Arewa ta 1965 an yi ta ne don kare irin waɗannan wurare. In makiyayi ya rasa hanya ya bi ta gona, sai a ce rikicin manoma da makiyaya, ba a ambaton wanda ya sa hannu aka sayar da hanyar. Ga kuma babban titin Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar a 2024 daga Illela, mai tsawon kilomita 1,068. Titi alheri ne, ina maraba da shi. Amma zai ratsa gonakin mutane, kuma jerin sunayen masu diyya da abin da aka ƙiyasta wa kowa ya kamata a manna shi a ƙofar hakimi kafin a biya, ba bayan an biya ba. A irin wannan jeri ne ake samun sunan wanda bai taɓa riƙe fartanya a garin ba, a rasa na gwauruwar da ke noma gonar marayunta.

A watan Afrilun 2024 gwamnatin jiha ta sauke uwayen ƙasa 15, kuma cikin dalilan da ta bayar har da badaƙalar filaye. Jama'a suka rabu, wasu suka ce siyasa ce, wasu suka ce gyara ne, musamman da aka zo aka yi wa dokar naɗin sarauta kwaskwarima a watannin da suka biyo baya. Ni tambayata daban ce. In filaye aka ci, waɗanne ne, a ina suke, kuma an mayar wa masu su? Sauke mutum ba ya dawo da gona. In akwai rahoton kwamiti a buga shi kowa ya gani, wanda aka zalunta ya san inda zai nufa, wanda aka yi wa ƙazafi kuma ya wanke kansa. Dokar 1978 ɗin nan ta ce kowace ƙaramar hukuma ta kasance da kwamitin ba da shawara kan rabon ƙasa. A faɗa mana sunayensu.

Haraji kuwa, ni ba na cikin masu cewa a daina karɓa. Gwamnatin da mafi yawan kuɗinta daga Abuja yake zuwa ba ta da dalilin jin tsoron ɗan kasuwa, domin ko ya biya ko bai biya ba albashi zai fita. Wanda ke biyan haraji da rasit shi ke da bakin magana. Abin da na ƙi shi ne karɓar da ba ta da suna. Mai albasa ya ɗauko kaya daga Gada ko Goronyo zai kai Kudu: ya biya a kasuwa, ya biya kuɗin lodi, ya biya ƙungiya, sannan ya shiga hanya inda kowane shinge ke da hannu a miƙe. Tun 1998 dokar da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa ta haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Duk direban da ya bi hanyar ya san yadda ake mutunta ta. Kuɗin nan a ƙarshe manomi ne ke biyansu, domin dillali sai ya cire su daga farashin buhu tun a gona.

Ba yau aka fara wannan kuka a ƙasar nan ba. A Kitabul Farƙ, inda Shehu Usmanu ya jera ɗabi'un mulkin da ya yi yaƙi da su, ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki da abin da ake ɗiba daga kayan 'yan kasuwa. Muna alfahari da wannan tarihi a kowane taro, amma ba mu cika auna kasuwanninmu da shi ba.

Sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun yafe harajin samu ga naira 800,000 ta farko a shekara, sun sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni, sun kuma kafa ofishin sauraren ƙorafin masu biya. Madalla. Sai dai mai shago a Tsohuwar Kasuwa ko mai sayar da fata ba waɗannan ne ke cizonsa ba. Tikitin kullum ne, da kuɗin shara, da kuɗin allo, da na wurin zama, daga mutane daban-daban, wasu da rasit ɗin da ba lamba. Lokacin da gobara ta cinye wani babban sashe na Babbar Kasuwar Sakkwato a watan Janairun 2021, 'yan kasuwa na da haƙƙin tambayar me kuɗin da suka yi shekaru suna biya ya tanada na ruwa da hanyar da motar kashe gobara za ta bi.

Mafi muni shi ne abin da ke faruwa a gabashin jihar da kan iyaka. A ƙauyukan Sabon Birni da Isa 'yan bindiga na ɗora wa gari kuɗi kafin a yi shuka ko girbi. A Tangaza da Gudu Lakurawa, wata ƙungiyar masu ɗauke da makamai, sun riƙa karɓar dabbobi da sunan zakka. Mutumin da ya biya ɗan bindiga don ya shiga gonarsa, in ya kawo hatsin kasuwa ma'aikacin ƙaramar hukuma ya miƙo masa tikiti, da wane ido zai kalle shi? Hukumar da ba ta iya tsare gona ba, aƙalla ta ɗage wa waɗannan garuruwa kuɗin kasuwa har hankali ya kwanta, ta kuma sanar da hakan a fili don kada wani ya ci gaba da karɓa da sunanta.

Na san abin da za a ce. Talaka mai neman na tuwon dare ba ya da lokacin bin lissafin gwamnati, kuma a wurinmu wanda ya tambayi babba ana ce masa mara kunya ko ɗan adawa. Na farko gaskiya ne, shi ya sa nauyin ke kan masu ƙungiya: ta 'yan kasuwa, ta masu albasa, ta ma'aikatan lafiya, ta ɗalibai, da malaman da ke hawa mumbari. Na biyun kuwa ban yarda da shi ba. Malaman nan su ne ke ba mu labarin mutumin da ya miƙe a gaban jama'a ya tambayi Sayyidina Umar inda ya sami ƙarin yadin rigarsa, kuma Umar bai sa an kama shi ba, bayani ya sa aka yi masa. Muna jin labarin mu yi kabbara, mu fito masallaci mu hana ɗanmu tambayar kansila.

Kayan aikin ma suna nan. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wasiƙar mai neman bayani, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi. Babban mai binciken kuɗi na jiha yana miƙa rahotonsa ga Majalisar Dokoki, mai mambobi 30, kuma akwai kwamitin da aikinsa ke nan ya kira wanda rahoton ya ambata ya yi bayani. Zaman wannan kwamiti ya kamata a riƙa watsa shi kai tsaye kamar yadda ake watsa bikin ƙaddamar da aiki. A ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Kasuwa da tasha da mayanka a hannun ƙaramar hukuma suke, ƙasar karkara ma haka, kuma tana da hannu a ƙananan asibitoci. Saboda haka wasiƙar farko ciyaman ya kamata a rubuta wa, a tambaye shi nawa ne kason watan jiya, wane asusu ya shiga, kuma wa ke sa hannu kafin ya fita.